Daga Landan zuwa Sidni: a ina ya fi dacewa a yada zango?

Tsakanin filin jirgin sama na Heathrow da ke Landan da na birnin Sidni a Ostireliya akwai kilomita 17,000 da 'yan kai, idan an auna ta hanya mafi gajarta. Kewayen duniya gaba ɗaya kilomita 40,000 ne da ɗan ɗoriya, wato babu wurare biyu a doron ƙasa da tazararsu za ta wuce kimanin kilomita 20,000. Mai wannan tafiya ke nan saura ƙiris ya ƙure nisan duniya. Jirgin fasinja na zamani yana cin kusan kilomita 900 a awa, don haka ko da ba a tsaya ko'ina ba, sai an kwashe awa 19 zuwa 20 a sama. A lokacin da nake wannan rubutu babu kamfanin da ke sayar da tikitin wannan tafiya a tashi ɗaya. Dole a yada zango a wani wuri, kuma wurin da mutum ya zaɓa shi ke yanke yadda kwana guda na rayuwarsa zai kasance.

Kafin a je ga zangunan, akwai abin da ke ruɗa mutane idan suka bincika nisan a intanet. Wani shafi zai ce 17,000, wani ya ce 10,570, wani kuma 9,190. Duk gaskiya suka faɗa. Na farko kilomita ne, na biyu mil ne irin wanda ake auna titi da shi a Ingila da Amurka, na uku kuwa mil ɗin matuƙa jirgin ruwa da na sama ne, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. A nan da kilomita kawai zan yi magana.

Taswira tana yaudarar ido

Wanda ya shimfiɗa taswirar duniya a tebur ya ja layi daga Landan zuwa Sidni zai ga layin ya ratsa Turai, ya bi ta yankin Larabawa, ya tsallaka Tekun Indiya. Sai ya ɗauka Dubai ko Doha ne a kan hanya, Hong Kong kuwa ratse ne. Amma duniya ba faranti ba ce. Ka samu ƙwallon duniya irin na makaranta, ka ɗora bakin zare a Landan, ka ja shi ya miƙe har Sidni. Za ka ga zaren ya nufi arewa maso gabas tukuna, ya bi ta arewacin Turai ya faɗa Rasha, ya gangaro ta tsakiyar Asiya da ƙasar Sin, ya shafi Hong Kong, ya ratsa Filifin da gabashin Indunusiya kafin ya shiga Ostireliya ta arewa. Wannan ita ce gajeriyar hanya ta haƙiƙa, kuma kusan ita jirgin gwaji na kamfanin Qantas na Ostireliya ya bi a watan Nuwamba na 2019, lokacin da ya tashi daga Landan ya sauka Sidni cikin awa 19 da minti 19, ɗauke da mutane 'yan kaɗan.

To idan aka haɗa ɓangarori biyu na kowace tafiya, ga yadda lissafin yake fita. Ta Hong Kong kimanin kilomita 9,650 ne da 7,370, jimla 17,020, kusan babu ratse ko kaɗan. Ta Singafo 10,890 ne da 6,290, wato 17,180. Ta Dubai 5,500 da 12,040, jimla 17,540. Ta Doha 5,250 da 12,370, wato 17,620. Ta Perth, babban birnin yammacin Ostireliya, 14,500 ne da 3,280, jimla 17,780. Ta Los Anjelis kuwa, wato a juya wa gabas baya a bi ta Amurka, 8,780 ne da 12,050, ya kama 20,830.

Duba da kyau. Idan aka ware Amurka gefe, tsakanin hanya mafi gajarta da mafi tsawo bai kai kilomita 800 ba, wato ƙasa da awa guda a sama. A tafiyar da ta haura awa 20, wannan ba abin da za a tsaya jayayya a kai ba ne. Jinkirin minti hamsin a layin tashi kaɗai ya isa ya cinye bambancin. Saboda haka ni a ganina mai zaɓen tikiti bisa yawan kilomita ɓata wa kansa lokaci yake yi. Abin dubawa shi ne inda aka yanka tafiyar gida biyu, da abin da zai same ka a wurin yankan.

Ƙari a kan haka, lissafin nan na zare ne, jirgi kuwa ba ya bin zare. Tun watan Fabrairu na 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, jiragen Birtaniya da na Tarayyar Turai ba sa ratsa sararin samaniyar Rasha. Sai sun zagaya ta kudu, ta Turkiyya da yankin Tekun Kasfiyan da tsakiyar Asiya. Wannan ya rage wa Hong Kong fifikon da take da shi a takarda, ya kuma tsawaita tafiyar Landan zuwa Tokyo daga kimanin awa 12 zuwa kusan 14. Kamfanonin ƙasar Sin su dai suna ci gaba da bi ta Rasha, shi ya sa sau da yawa tikitinsu ta Beijin ko Shanghai ko Gwangzhu kan zo da sauƙin kuɗi. Sannan ga iska. Can sama, daidai inda jirage ke shawagi, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara kamar kogi daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa Sidni tana tura shi ta baya, mai dawowa Landan kuma da ita zai yi ta kokawa. Shi ya sa dawowa kan ɗara zuwa da kusan awa guda ko fiye, alhali nisan bai ƙaru da taku ɗaya ba.

Singafo: doguwa tukuna, sannan gajeriya

Wannan ita ce tsohuwar hanya. A watan Disamba na 1947 da Qantas ya fara jigila tsakanin Sidni da Landan da jirgi samfurin Lockheed Constellation, kwana huɗu ake yi, ana yada zango a Darwin da Singafo da Kalkata da Karachi da Alƙahira da Tarabulus. Saboda wannan tsalle-tsallen ne sunan da ake kiranta da shi, hanyar kangaru (dabbar nan ta Ostireliya mai tsalle), ya dace da ita. Duk sauran zangunan sun zube ɗaya bayan ɗaya yayin da jirage suka ƙara dogon numfashi, Singafo ce ta rage. Ko da Qantas ya koma bi ta Dubai a 2013 bayan ƙawancensa da Emirates, a 2018 sai da ya dawo Singafo.

Daga Landan zuwa Singafo kimanin awa 13 ne, daga can zuwa Sidni kusan 8. Alfanun wannan rabo shi ne mutum ya fara da mai wuyar tun yana da sauran ƙarfi. Yawancin jiragen da yamma ko da dare suke barin Landan, ka ci abinci, ka samu barci mai ɗan tsawo, ka farka an kusa sauka. Abin da ya rage awa takwas ne, wanda bayan sha uku sai ka ji kamar tafiyar unguwa ce. A dawowa kuwa abin juyewa yake yi: gajeriyar ce farko, doguwar tana jiranka ka riga ka gaji. Mutane kan manta da wannan lokacin sayen tikitin zuwa da dawowa.

Kamfanoni uku ne manya a nan: British Airways da Qantas da Singapore Airlines. Na farko da na biyu suna da jirgin da ke ɗauke da lamba ɗaya tun daga Landan har Sidni, ya tsaya Singafo kamar awa biyu ya sha mai a canja ma'aikata. Fasinja zai sauka da jakar hannunsa, ya miƙe ƙafa, a sake bincikensa a ƙofa, ya koma kujerarsa. Duka tafiyar awa 22 zuwa 23. Wannan tsari yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: tunda jirgin da ya kawo ka shi ne zai ci gaba da kai, jinkirin da aka yi a Landan ba zai sa ka rasa jirgi na biyu ba. A kula da kalma ɗaya a nan. Idan shafin sayar da tikiti ya ce jirgin "kai tsaye" ne, yana iya nufin irin wannan mai lamba ɗaya, ba wanda ba ya sauka ko'ina ba. Singapore Airlines shi kuma canjin jirgi ake yi, amma yana da tashi da yawa a rana ta kowane ɓangare, don haka kana iya zaɓen tsayawar awa biyu, ko shida, ko kwana guda.

Filin jirgin Changi kansa dalili ne. Akwai lambun malam-buɗe-littafi a ciki, akwai wurin ninƙaya a saman ɗaya daga cikin gine-ginen, akwai ɗakunan kwana da ake kamawa na 'yan awoyi ba tare da an fita ta wurin jami'an shige da fice ba. Ginin Jewel da aka buɗe a 2019, mai ruwan da ke kwararowa daga rufi tsawon mita 40, yana wajen shingen shige da fice ne, don haka mai son shiga sai fasfonsa ya ba shi damar shiga ƙasar. Agogon Singafo kuma awa biyu ko uku kacal yake bayan na Sidni. Wanda ya kwana ɗaya a can ya riga ya biya mafi yawan bashin barcin da canjin lokaci zai bi shi.

Dubai da Doha: gajeriya tukuna, sannan doguwa

Nan rabon ya sha bamban. Awa 7 daga Landan, sannan kimanin awa 14 a zaune har Sidni, mafi yawanta a kan Tekun Indiya, babu abin kallo ta taga sai ruwa da duhu. Awa bakwai ba ta isa barcin kirki ba: kafin a gama raba abinci a kwashe kwanuka an ci biyu, kafin sauka kuma a sake kunna fitilu. Sai ka sauka a tsakiyar dare ko da asuba, ido ya yi ja, ka nemi ƙofar jirgi na gaba, sannan babbar tafiyar ta soma. Mai iya barci a jirgi wannan ba ya damunsa, don awa sha huɗu ta ishe shi ya kwanta ya tashi ya sake kwanciya. Wanda ido ba ya rufe masa a kujera kuwa, a nan zai ji jiki.

Me ya sa duk da haka jama'a ke tururuwa ta nan? Na farko kuɗi: gasa tsakanin Emirates da Qatar Airways da Etihad, mai zango a Abu Dabi, tana yawan sauko da farashi. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci a wurina, ba kowane mai cewa zai tashi daga Landan ne mazaunin Landan ba. Emirates da Qatar Airways suna tashi daga Gatwick da Manchesta da Bamingam da Edinbara, ba Heathrow kaɗai ba. Mutumin da ke arewacin Ingila idan ya bi ta yankin Gulf zango ɗaya zai yi. Idan ya nace sai jirgin da ke tashi daga Heathrow, ya ƙara wa kansa jirgin ƙasa ko ƙaramin jirgin sama da jiran da ke tattare da su, tafiyar awa 23 ta koma 29. Na uku yawan tashi: tsakanin Landan da Dubai jirage suna kai da kawowa sau da yawa a yini, idan ɗaya ya kuɓuce akwai na bayansa.

Tsakanin biyun fa? Filin Dubai ƙato ne, cike da jama'a dare da rana, tafiya daga wata ƙofa zuwa wata tana iya cin minti ashirin ko fiye, wani lokaci har da ɗan jirgin ƙasa na cikin fili. Filin Hamad na Doha, wanda aka buɗe a 2014, gini ɗaya ne, ya fi sauƙin ganewa ga baƙo. Emirates ya fi kowa yawan jirgin A380 mai hawa biyu, wanda masu kujerun gama-gari ke yabo saboda faɗi da rashin ƙara. Masu ibada kuma za su sami masallatai a filayen biyu ba tare da dogon nema ba, abin da ke da daɗi a tafiyar da lokutan salla ke tsukewa, tunda mai nufar gabas rana gudu take yi masa.

Aibin hanyar shi ne unguwar da take. Rikicin Gabas ta Tsakiya yana taɓa sararin samaniya ba zato ba tsammani. A watan Yuni na 2025 Katar ta rufe samaniyarta na wasu awoyi lokacin da Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin sojan Amurka da ke ƙasar, jirage da dama suka juya ko suka sauka wani wuri. Hanyar Singafo ma tana bi ta kusa da yankin, sai dai ita tana iya kaucewa, alhali jirgin da zangonsa ke tsakiyar wurin ba shi da inda zai kauce. Mai tafiyar da ba ta ɗaukar jinkiri, kamar ɗaurin aure ko ranar fara aiki, ya saurari labarai kafin ya biya kuɗi.

Perth: a shanye maganin a kurɓi ɗaya

A watan Maris na 2018 Qantas ya fara tashi tsakanin Perth da Landan babu tsayawa, karo na farko da jirgin fasinja na yau da kullum ya haɗa Ostireliya da Turai a tashi ɗaya. Jirgin Boeing 787-9 ne mai kujeru 236, nisan kilomita 14,500, kimanin awa 17. Ga mai zuwa Perth ɗin kanta babu wata muhawara, wannan ce hanyarsa. Ga mai zuwa Sidni kuwa sai an yi tunani.

Kyawunta shi ne da ka sauka ka riga ka shiga Ostireliya. A Perth za a duba fasfo, a nan za ka bi ta wurin masu binciken abinci da tsirrai, sannan ka hau jirgin cikin gida na awa huɗu, ka sauka Sidni ka ɗauki jaka ka fice kamar ɗan gari. Babu ƙasa ta uku a tsakani, don haka babu tambayar ko fasfonka yana buƙatar bizar wucewa. Ga wanda fasfonsa ke yawan jawo masa tambayoyi a filayen jirgi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma awa sha bakwai a kujerar gama-gari ba wasa ba ce. A 787 kujeru tara ake jerawa a layi, uku-uku-uku, kuma jikin jirgin bai kai na jirgin Airbus A350 faɗi ba, ballantana A380. Abin da ke rage raɗaɗin shi ne iskar ciki. Jiragen 787 da A350 an ƙera jikinsu da wani haɗi mai sauƙin nauyi maimakon zallar alminiyam, don haka ana iya matse iskar ɗakin fasinja ta yi daidai da ta tudu mai tsayin mita 1,800, maimakon 2,400 na tsofaffin jirage, kuma ba ta bushewa sosai. Ciwon kai da bushewar maƙogwaro sukan ragu. Gwiwa dai babu abin da wannan zai yi mata. Sannan tashi ɗaya ne a rana, idan aka soke shi sai dai a watsa fasinjoji ta wasu hanyoyi. Kuma da yake tafiyar tana dab da iyakar abin da jirgin zai iya, ɗan ratse kaɗan yana karya lissafin mai: a 2024 sai da aka mayar da tashin Perth zuwa Landan ya riƙa tsayawa Singafo na wani lokaci saboda kauce wa samaniyar yankin Iran.

Ni dai ba zan ba mai ƙananan yara ko dattijo mai ciwon ƙafa shawarar bin ta nan ba. Zama mai tsawo yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, kuma likitoci suna fara lissafa wannan haɗari ne tun daga tafiyar da ta wuce awa huɗu. Wanda ya taɓa samun wannan matsala, ko mai juna biyu, ko wanda bai daɗe da yin tiyata ba, ya ga likita kafin kowace daga cikin hanyoyin nan, balle wannan.

Hong Kong ba ta buƙatar dogon bayani. Rabonta ya fi na kowa daidaito, kimanin awa 13 da 9, Cathay Pacific ne mai gidan, filin kuma yana da tsari. A tuna da guguwar teku da kan addabi yankin daga tsakiyar shekara zuwa kaka, a kuma bincika dokar wucewa, don akwai fasfunan da ake nema wa biza ko da mutum ba zai fita daga fili ba.

Amurka: hanyar mai wata buƙata

Awa 11 zuwa Los Anjelis, sannan 15 a kan Tekun Fasifik. Ƙarin kilomita 3,800 ke nan, awa huɗu da 'yan kai a sama. Wannan ma ba shi ne babban abin ba. Amurka ba ta san wani abu wai shi fasinja mai wucewa ba. Duk wanda ya sauka sai ya bi layin shige da fice kamar mai shiga ƙasar, da biza ko da izinin ESTA ga 'yan ƙasashen da aka yafe wa biza, kuma a bisa al'ada sai ya ɗauki kayansa ya sake miƙa su. Neman bizar Amurka don zaman awa uku a fili wahala ce da babu dalilinta. Ga kuma layin canjin kwanan wata a tsakiyar tekun: ka tashi Los Anjelis daren Litinin, ka sauka Sidni safiyar Laraba, Talata ta ɓace. Wanda ke da ɗan'uwa a Kalifoniya da zai kwana biyu a wurinsa, ko mai tikitin zagaya duniya, shi wannan hanya ta yi wa rana. In ba haka ba a bar ta.

Abubuwan da suka fi kilomita nauyi

Tsawon zango shi ne na farko. Ƙasa da awa ɗaya da rabi a fili irin na Dubai caca ce, sai dai in jirgi mai lamba ɗaya ne. Awa biyu zuwa huɗu ta wadatar a yi wanka, a ci abinci, a taka ƙasa. Daga awa shida zuwa goma nan ne azabar take: ta yi yawa ga zaman benci, ta yi kaɗan ga shiga gari a kwanta. Tikiti mafi araha sau da yawa irin wannan zangon yake ɓoyewa, sai ka ga tafiyar awa 23 ta zama 33. Idan zangon zai kai haka, gara ya zama kwana sosai. Hanyar lafiya, in ji masu iya magana, a bi ta da shekara.

Na biyu, tikitin ya zama guda. Akwai shafukan da ke haɗa maka tikiti biyu na kamfanoni daban su nuna farashi mai daɗi. Idan jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, babu wanda ke da alhakin kai ka Sidni, kuma a zangon sai ka shiga ƙasar ka ɗauki kaya, wanda ke iya buƙatar biza. A tikiti guda kuwa kamfanin ne zai nema maka wani jirgin. Akwai kuma dokar Birtaniya da ke tilasta biyan diyya har fam 520 idan doguwar tafiya ta yi jinkirin fiye da awa huɗu bisa laifin kamfani. Tana aiki a kan kowane jirgi da ya tashi daga Birtaniya, ko na wace ƙasa ne. A dawowa daga Sidni kuwa sai kamfanin ya kasance na Birtaniya ko na Tarayyar Turai. Cikin waɗanda na ambata British Airways ne kaɗai wannan kariya ta shafa zuwa da dawowa.

Na uku lokacin sauka. Sidni tana gaban Landan da awa 9 a watannin bazarar Ingila, da awa 11 a lokacin sanyinta, saboda ƙasashen biyu suna juya agogo a saɓanin juna. Kusan dare ya koma rana ke nan, jiki kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya yarda. Filin jirgin Sidni yana da dokar hana sauka da tashi daga ƙarfe 11 na dare zuwa 6 na safe, in ban da 'yan keɓantattu, shi ya sa jirage masu nisa da yawa ke sauka da sassafe, suna cika layin fasfo lokaci guda. Mai sauka ƙarfe shida na safe yana da yini guda cur da zai yi yaƙi da barci, otal kuma ba lallai ya ba shi ɗaki kafin azahar ba. Mai sauka da yamma wanka zai yi ya ci abinci ya kwanta tare da mutanen gari. Idan farashi ya yi kusa da juna, ni na yamman zan ɗauka, ko ta wace hanya ya biyo.

Kuma ko ta ina ka shigo, Ostireliya ba ta wasa da abin da ke cikin jaka. Nama, 'ya'yan itace, iri, zuma, kayan katako, har takalmi mai laka, duk sai an bayyana su a katin shiga. Tuffa da aka ba ka a jirgi ka jefa a jaka ka manta tana iya jawo tara mai nauyi. Biza kuma sai an same ta kafin a hau jirgi, in ban da 'yan Niyu Zilan.

To wa zai bi ina? Mazaunin Landan da ke son tafiya mai ƙarancin sarƙaƙiya ya ɗauki jirgi mai lamba ɗaya ta Singafo. Iyali masu yara, da duk wanda ke da kwana guda na sararawa, su ma Singafo, amma su kwana. Wanda ke wajen Landan, ko wanda aljihu ne alƙalinsa, ya duba Doha da Dubai, ya tabbata zangon bai zarce awa huɗu ba. Wanda ba ya son hulɗa da ƙasa ta uku kuma jikinsa na jure zama, Perth.

Wannan lissafi zai iya sauyawa nan gaba kaɗan. Tun 1989 Qantas ya nuna abin zai yiwu, lokacin da sabon Boeing 747-400 ya tashi daga Landan ya sauka Sidni cikin awa 20 da minti 9, kusan babu kowa a ciki. A 2022 kamfanin ya yi odar jirage 12 samfurin Airbus A350-1000 masu ƙarin tankin mai, kowane da kujeru 238 kawai da wani ɗan fili na miƙe jiki, don su riƙa yin tafiyar a tashi ɗaya na kimanin awa 20 zuwa 22. An ɗage ranar farawa fiye da sau ɗaya. Idan sun fara, abin da za su rage wa matafiyi awa uku ne zuwa huɗu idan aka kwatanta da hanyar Singafo, kuma da wuya tikitin ya zo da araha, tunda jirgin da ya ɗauki man awa ashirin dole ya rage fasinja, waɗanda suka rage kuma su ne za su biya kuɗin kujerun da aka cire.